Igiyar Matan Manakkara

Manakkara, farkon damina, 1974

Sugata, ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana ci kana ƙoshi. Mu nan da sauƙi. Tarin Baban Omana yana nan yadda ka bar shi, ya ma ƙaru tun da ruwa ya sauka. In ya fara har kajin maƙwabta sai sun watse. Omana ta yi tsawo ta kusa kamo ni, a baki kuwa ta wuce ni. Ni ma lafiya lau, in ban da hannuwan nan da ka sani. Tsagewar bara ba ta rufe ba ta bana ta buɗe, shi ya sa za ka ga rubutun kamar tafiyar ƙaguwa.

Tun da ka tafi unguwa ta yi shiru. Babu mai tsayawa tun daga kwanar hanya yana kwarara wa yayarsa kira, "Ceci! Ceci!" don duk gari ya san autan Amma, uwarmu, ya dawo da yunwa. Da ina zaginka a kan wannan ihun. Yanzu in ina bugu da yamma sai in tsinci kaina na dakata ina saurare.

To, ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Mutalali Nanu, attajirin da muke wa bugu, ya daina tsima ɓawo. Tun bayan tafiyarka ko raga ɗaya bai nutsar a tafki ba. Ɓawon kwakwar da yake tarawa ɗanye yake sayar wa wasu mutane daga ƙasar Tamil, manyan motoci suna zuwa da rana tsaka su loda shi har ya fi kan motar tsawo, su lulluɓe da raga, su bi ta ƙofar gidanmu. An ce can inji ke cire gashin da ake tufka igiya da shi, ba jiƙo ba bugu. Wanda muke bugawa yanzu tsimin bara ne, kuma ya kusa ƙarewa. Ka san ɓawo sai ya yi watanni a ruwa kafin ya bugu. Abin da ba a nutsar yau ba, shi ne tukunyar da ba za a ɗora baɗi ba.

Muka tashi mu matan wurin bugu muka je gidansa, tsohuwa Ciruta a gaba, ka san bakinta. Muka same shi a kujerarsa yana tauna ganye.

Ta ce, "Mutalali, ɓawon nan da kake lodawa, mu kuma duwatsu za mu riƙa bugawa?"

Ya ce, "Ku bugi kawunanku, ƙila a samu gashi mai kyau."

"Ubanka ma bai taɓa yi mana wannan magana ba, kuma ya fi ka rowa."

Mata suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗaga wa Kocappi gira, ƙaton nan da yake ciyarwa don irin wannan rana. Kocappi ya fizge mabugin da ke hannun Ciruta, nata na kanta da ta shekara da shekaru tana ci da shi, ya sauke mata a baki. Na ji ƙarar, Sugata. Haƙoranta uku na tsince da hannuna a cikin yashi. Muka yi kansa, yaransa suka fito da sanduna, kowa ta sha rabonta. Ni a kafaɗa na samu, ba wani abu ba ne.

Ciruta tana kwance, ruwan shinkafa kawai take iya sha, amma zagi bai ragu ba, sai dai yanzu ba a gane shi sosai.

Kai kuma ka ce ka samu aiki a Tenkasi, ba ka ce wane iri ba. Meye na ɓoyewa? Ko sata ka koya? Ka rubuto. Kwakwar Accan, marigayi babanmu, ta yi 'ya'ya bana fiye da kullum, na hana kowa taɓa su sai ka zo bikin Onam.

Yayarka,
Tankamma

*

Tenkasi, Yuli

Ceci,

Na samu wasiƙarki, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ina gaida Baban Omana, a riƙa dafa masa ruwan citta. Ki ce wa Omana kawunta ya ce in bakinta ya wuce naki to lallai a kai ta makarantar lauyoyi. Ni lafiyata ƙalau. Abincinsu ne dai sai tsamiya, kifi kuwa sai busasshe, shi ma in Kunjacan mai kifi ya hauro daga wajenmu.

Labarin Ciruta ya hana ni cin abinci. Ita ta fara ɗora ni a kwalekwale.

Kin tambayi aikina. Na yi ta juya yadda zan faɗa, ban samu hanya mai daɗi ba, don haka ga ta tsirara. Injin da kike magana, ni nake ba shi ci. Motocin da ke wucewa ta ƙofarmu a farfajiyar da nake aiki suke saukewa. Wani lokaci ina ɗaga ɓawo in san na bakin tafkinmu ne, daga jan yashin da ke jikinsa.

Kafin ki yaga takardar ki saurare ni. Na zagaya garin nan da ƙafa har tafin ya huje. Na kwana a tasha. Ba wanda ya kalle ni sai mai injin nan, shi ma don ya ga na san ɓawo. In na bari yau, gobe da safe mutum goma na tsaye a bakin ƙofa, kuma injin ba zai san an canja hannu ba.

Kada ki zaci daɗi muke ji. Ƙura ce daga safe har yamma, in ka yi kaki ja ne kamar ƙasa. Injin wata ganga ce mai haƙoran ƙarfe, kana tura ɓawo da hannu tana yagewa. Akwai wani Irulandi da muke tsayawa tare, mutum mai barkwanci, kullum yana tsokanata.

"Kai ɗan bakin ruwa, me ya sa ku ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai?"

"Warin aiki ne. Ku da ba ku da ruwan wanka fa?"

Makon jiya yana cikin yi mini irin wannan, ya waiwayo yana dariya, gangar ta kama yatsunsa ta ja har gwiwar hannu. Kafin a kashe injin jini ya fantsamo mini har cikin baki. Gashin da ya fito ta ɗaya gefen ja ne jawur. Kin san abin da mai gida ya ce? Ya ce a ware wannan tarin kada ya ɓata sauran. Aka naɗe Irulandi a buhu aka tafi da shi, aka watsa ruwa, aka tada inji. Ni aka ce in matsa in tsaya a wurinsa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan abu ba, Ceci. Ni ma ci na yake yi, a hankali. Abu ɗaya zan rantse miki da Amma: ban taɓa hawa motar nan ba, ban taɓa loda ɓawon garinmu da hannuna ba, kuma ba zan yi ba. Ina cikin rumfa ne kawai.

Na saka ɗan abin da na samu a cikin takardar nan, a saya wa Baban Omana magani.

Ƙanenki,
Sugatan

*

Manakkara, ƙarshen Yuli

Sugatan,

Muna nan da rai, waɗanda suka rage. Abin da ka saka a takarda ga shi nan na mayar maka. Baban Omana ya ce gara ya yi tari.

Ciruta ta mutu.

Bari in gaya maka yadda aka yi, tun da kai a rumfa kake, ba ka gani. Tsimin bara ya ƙare. Wurin bugu ya zama filin wasan karnuka. Rogo muke ci sau ɗaya a wuni, wasu gidajen ko shi babu. Sai muka yanke shawara mu kwanta a hanya. Da hantsi motar ta fito daga farfajiyar Mutalali, muka jeru a ƙasa tun daga kwana har bakin gada, tsofaffi da masu goyo. Ciruta ta taso daga shimfiɗa da kumburarren baki ta kwanta a gaba.

Direban ya tsaya, a ba shi wannan. Sai ga 'yan sanda a mota, babbansu ya sauko yana gyara ɗamara.

"Wace ce shugabarku?"

Ciruta ta ce, "Yunwa. Je ka kama ta."

Ya ɗaga wa yaransa hannu. Suka shigo cikinmu da kulake, Kocappi da yaransa suna taya su. Ba su zaɓa ba, Sugatan, kai da baya da ciki, duk inda kulki ya faɗa. Wani ya ja Omana da gashi a kan tsakuwa har fatar gwiwoyinta ta saɓule. Na kama ƙafarsa na gantsara masa cizo, ya fasa mini kai. Ta cikin jinin da ya rufe mini ido na ga Kocappi yana taka Ciruta a haƙarƙari, yana ɗaga ƙafa yana saukewa kamar mai kirɓa laka. Suka jawo mu gefe ɗaya bayan ɗaya, motar ta wuce. Ta kwana biyu tana aman jini. Likitan gwamnati ya rubuta tsufa.

Mun ƙone ta a bayan bukkarta. Ko itacen kirki ba mu da shi, ka san da me aka cika wutar? Da busasshen ɓawon da mata suka tsinto a hanya, wanda ya faɗo daga motocinku.

Ka ce ba kai ka ƙirƙiro ba. Kocappi ma ba shi ya ƙirƙiro ƙafa ba. Na goya ka a bayana a wurin bugun nan bayan Amma ta rasu, ina bugu kana barci, ruwan ɓawo yana cin hannuna don ka samu abin kai wa baki. Ashe bakin da zai cinye mu nake ciyarwa.

Raina a ɓace yake, kuma ina jin kunya, har ban gaya wa kowa inda kake aiki ba. Kada ka zo Onam. Kwakwar Accan zan ba mai hawa ya sauke, mu ci.

Tankamma

*

Manakkara, ana saura kaɗan Onam

Sugata,

Ina fatan kana lafiya, injin nan bai taɓa ka ba. Kaina ya warke, sai tabo. Omana ta fara takawa ba ɗingishi. Baban Omana jiya i yau.

Ba ka ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinka ba. Na faɗi maganganu da zafin kai. Wasu har yanzu ina kansu, amma ba duka ba. Kwakwar ban sauke ba, ƙarya na yi. Labarin Irulandi kullum yana dawo mini, in ce da hannun yaron nan ne fa.

Wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba. Kunjacan mai kifi zan ba, ya damƙa maka hannu da hannu, ka karanta ka ƙone.

Mun daina kwanciya a hanya. Kowace mace ta kawo ɗan gashin da ta ɓoye, wata ta kwance tabarma, wata ta warware igiyar akuya, muka taru muna tufka. Ba ka taɓa ganin irinta ba, kaurinta ya kai damtsena. Ni nake haɗa ta, da irin murɗin Amma, don sun ce nawa ne ba ya saki. Kocappi ya leƙo ta kan shinge ya gan mu.

"Wa za a rataye?"

Na ce, "Ta wasan ja-in-ja ce ta Onam. In kana jin ƙarfi ka zo a ɗaura maka."

Ya yi dariya ya tafi. Jaki.

Ga yadda za a yi. A kwanar gidanmu dole mota ta rage gudu. Za a ɗaure bakin igiyar can sama a kwakwar da ke tsallaken hanya, ɗaya bakin ya bi ta kurar rijiyarmu, ƙarfen nan mai juyawa na jan guga, da muka ɗaura a wuyan kwakwar Accan. Tsakiyarta tana kwance a hanya an rufe da yashi. In motar ta iso sai mu ja daga bayan shinge, igiyar ta miƙe a sama. Mun auna da gora, mun sake aunawa: ta fi kan direba nesa, lodin kawai za ta kama ta yaga ragar, ɓawon ya zube. Kafin 'yan sanda su iso kowa ta cika kwandonta ta zuba a tafki. Wanda ya shiga laka ya zama namu.

Ba mu son jinin kowa, har na direban. Kullum muna kallon motocin nan, shi da yaronsa a gaba suke zama, saman lodi ba kowa. Ranar jajibirin Onam za a yi, don an ce ranar za a kwashe duk abin da ya rage a farfajiya.

Ka ce ka rantse da Amma ba ka hawa motar. Da wannan rantsuwa nake barci. Ka riƙe ta. Bayan komai ya lafa ka zo ta motar haya kamar mutum, in zage ka ido da ido in zuba maka shinkafa.

Bagawati da muke bauta wa ta tsare ka.

Yayarka,
Tankamma

*

Tenkasi, ana gobe zan taso

Ceci,

Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Ina gaida Baban Omana da Omana. Ni lafiya, yatsuna goma suna nan.

Tun wasiƙar da kika mayar mini da abin da na aiko ban sake jin ɗuriyarki ba. Kunjacan ma bai hauro ba kwanan nan, an ce ruwa ya cinye hanyar dutse ta wajen kasuwarsu, balle in tambaye shi. Na fara rubuta miki amsa ya fi a ƙirga, ina yagawa. Me zan ce a kan Ciruta? Na zauna bayan rumfa na yi kuka, shi ke nan abin da na iya.

Kin ce kada in zo. Tun ina yaro kike cewa kada in hau kwakwa, kada in shiga tafki, kada in ci mangwaron mutane, wanne na bari? Zan zo. Na bar aikin, Ceci. Jiya na gaya wa mai gida, ya ce in tafi, amma ladan watan nan sai dai in ji a salansa. Abin da ke hannuna duk na saya wa Omana yadin siket na Onam, kore mai bakin zinariya, don haka na mota babu.

Sai na roƙi wani direba da zai je kwasar ƙarshe a wajen Mutalali. Ya ce zai kai ni, in dai zan taya su ɗaure raga. Na san na rantse. Amma hawan da zai raba ni da su ne, ina jin Amma za ta kau da kai. Ba zan sauka a farfajiyar Mutalali in bi ta cikin gari a ƙafa ana nuna ni ba. In an gama lodi zan kwanta a sama in lafe, a kwanar gidanmu in dirgo, in shige kafin kowa ya ankara. In za ki kore ni, ki kore ni a cikin gida.

Direban nan ya ba ni labari ya sa ni dariya. Ya ce matan Manakkara ba su da abin ci amma suna can suna tufka wata uwar igiya ta ja-in-ja. Na ce ai ba ka san su ba, ko gari zai ƙone sai sun kayar da matan tsallaken gada ranar Onam. Na san ke ce a kan tufkar. Raina ya yi sanyi da na ji, na ce ashe har yanzu akwai sauran wasa a garinmu. Ki ajiye mini wuri a bayanki, bana sai mun ja su har cikin laka.

Ƙila ma in riga takardar nan isowa. Ki jiƙa shinkafa da yawa.

Naki ko kin ƙi,
Sugatan

*

Manakkara, bayan Onam

Sugata, ɗana,

Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda aka yi wa abin da na yi maka ba. An ce kana numfashi, an ce ka buɗe ido. Na je asibitin Kollam har bakin ɗakin, ɗan sandan da ke ƙofa ya tura ni waje. Mu nan muna raye.

Wasiƙarka ta iso washegari. Omana ce ta karanta, ni ina hannun 'yan sanda.

Ina so ka ji daga bakina. Muna tsugune bayan shinge muka ji motar ta taso. Na kafa ƙafata a gindin kwakwar Accan. Yarinyar da muka sa leƙe ta ce mutum biyu ne a gaba, sama ba kowa. Motar ta rage gudu, na ce a ja. Muka ja, igiyar ta tashi daga yashi ta miƙe, muka naɗe ta a gindi. A daidai nan na ga mutum ya miƙe tsaye a kan lodin, da ƙunshi a hannu yana ɗagawa. Sai na ji "Ceci!"

Na saki. Na rantse da Amma na saki, na yi ihu a sassauta, amma an riga an naɗe, kuma ni na tufka ta, ba ta saki. Ta kama ka a ƙirji ta zame zuwa wuya, ta ɗaga ka sama, ka faɗo ta baya tare da lodin. Kwakwar Accan ta girgiza har 'ya'yanta suka zubo. Na tone ka daga cikin ɓawo da hannuna, wuyanka a buɗe, kumfar jini tana fita. Na toshe da zanena ina kiran sunanka. Direban nan da muka yi watanni muna zagi shi ya ɗauke ka a kafaɗa.

Ba wadda ta taɓa kwando. Ko ɓawo ɗaya bai shiga tafki ba. Yana nan zube har 'yan sanda suka zo, suka sa mazan unguwa suka sake loda shi da bakin bindiga.

Sun fasa gidaje, sun farfasa tukwane. Baban Omana suka jawo daga shimfiɗa suka yar a tsakar gida. Suka kawo gatari suka sare kwakwar Accan a gabana, Kocappi yana cewa a yi a hankali kada kwakwar ta fashe, yana so. Ni suka tafi da ni. Sun ɗora hannuwana a kan tebur suna dukan yatsun da kulki, wai in faɗi sunayen waɗanda suka ja. Na ce ban san kowa ba. Duk garin ba wanda ya san kowa. Lauyan ƙungiyar masu bugun ɓawo ne ya fito da ni, da hagu nake rubuta wannan.

Lauyan ya ce direban bai ga fuska ba, yaronsa ma haka. Kai kaɗai ne ka hango bayan shinge daga sama. Abin da ka faɗa shi za a bi. Ba roƙonka nake ka rufa mini asiri ba. Ka ce ni ce, ni kaɗai, gaskiya ce ma. Sauran matan ka bar su, suna da ƙanana. Omana kawai nake tunani, da wa zan bar ta da uba a kwance.

An ce tun da ka farfaɗo ba ka ce wa kowa uffan ba, har 'yan sandan. Na san fushi ne, kuma na cancanta. Amma ka ce wani abu, Sugata, ko zagi ne. Shirun nan ya fi mini kulki ciwo.

Yadin Omana na tsince shi a hanya. Na wanke, bai fita duka ba. Ta ƙi yarda a ɗinka, ta ce sai ka zo.

Tankamma

*

Asibitin Kollam, Oktoba

Ceci,

Ina gaishe ki. Yaya yatsun? A ɗaure su da kara, kada ki yi gardama. Ina gaida Baban Omana. Ni haƙarƙarin yana haɗuwa, ƙafar ma an ce za ta taka.

Kunjacan ya zo jiya. Ya kai wasiƙarki ta maganar igiya Tenkasi bayan na taso, ya dawo da ita, ya yi ta yawo da ita a ƙugu yana tsoron ba kowa. Duk warin kifi take. Ya miƙo mini ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, har mai jinya ta kore shi. Na karanta. Na ga inda kika ce da rantsuwata kike barci. Na cinye takardar da ruwan shayi, don nan ba wurin ƙona abu. Wannan ma shi zai kawo miki.

Ba fushi ba ne ya hana ni magana. Maƙogwaron ne ya murƙushe. Likita ya ce in gode da numfashi, murya kam ta tafi, ba ta dawowa. Na gwada da ba kowa a kusa. Iska ce kawai ke fita.

Babban ɗan sandan ya zo da takarda da alƙalami, ya ajiye mini a ƙirji.

"Kai ba bebe ba ne a hannu. Rubuta wa ka gani."

Na rubuta cewa kwakwar da aka dasa a inda aka ƙone ubana nake kallo, ban ga kowa ba.

Ya ce, "Sun kusa cire maka kai kana kare su? Wane irin wawa ne kai?"

Na rubuta, irin na Manakkara. Ya mare ni a gaban masu jinya, ya kwashi takardarsa. Ya sake dawowa, na sake rubuta masa abu ɗaya. Ko sau nawa zai zo shi zai samu.

Ƙarya na yi masa. Na gan ki. Ƙafarki a gindin kwakwa, kin cije leɓe yadda kike yi in kina jan raga daga laka. Na ji daɗin ganinki, shi ya sa na miƙe. Ban ma lura da abin da kike ja ba.

Ba zan ce miki komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Wani lokaci in na so kiran mai jinya na kasa, sai in ji na tsane ki, in tsani kaina, in tsani Mutalali da ke can yana tauna ganye. Yakan ɗauki lokaci kafin ya sauka. Shatin igiyar yana nan a wuyana, ina bin sa da yatsa. Murɗin Amma ne, ko'ina daidai. Ba ki yi ha'inci a aikin ba.

Ta tagar nan ina hango babbar hanya. Motocin suna wucewa, lodi har sama.

An ce ƙarshen wata za a sallame ni. Ba ni da inda za ni sai wurinki. Ki ce wa Omana ta kai yadin a ɗinka, inda bai fita ba a juya shi ciki. Ki nemo ƙwaya ɗaya daga cikin waɗanda suka zubo ranar, in Kocappi ya bar wata, mu dasa a gefen kututturen.

Ban san ranar ba tukuna. Ki riƙa ɗaga kai kina duban hanya da yamma, Ceci. Wannan karon ba za ki ji ni daga kwana ba.

Ƙanenki,
Sugatan